Taka, Riƙe, Saki

Ranar Lahadi ce, garejin bakin layin dogo na Agege ba kowa sai Isiyaku, yana cikin rami ƙarƙashin Fijo 504 ta marigayi babansu, yana zagin wani noti kamar notin na da uwa.

Motar ta girmi rabin mutanen unguwar. Injinta lafiya lau, amma bayanta ya gaji: ta faɗa rami sai ta yi ta rausaya kamar tsohuwa a gidan biki, birkin baya kuwa sai ka taka ka haɗa da addu'a. Cikin Legas wannan ba komai, ina ma ake gudun? Amma gobe da asuba Zariya zai nufa da ita. Zai kai Najiba jami'a, 'yar ƙaninsa Ridwanu, wadda ya riƙe tun tana 'yar shekara tara. Ya rantse ba zai damƙa ta ga direban tasha ba.

Shi ya sa ya je wajen masu yanka tsofaffin motoci ya ɗauko bayan wata 505 sukutum: sifirin, shokozoba, da birkin faifai maimakon na ganga. Mai kayan ya ce gabanta ne ya ragargaje a hanyar Arewa, ta daɗe a yashe kafin a jawo ta, amma bayan ko ƙwarzane babu. Isiyaku bai tambayi launinta ba. Bakanike ba ya tambayar asalin ƙarfe, in dai ramukan noti sun hau.

Irin motar Ridwanu ke nan ma, 505. Shekara goma da suka wuce ta ƙwace masa a gangaren Jebba, a nan ya rasu. Duk wanda ya tayar da zancen, Isiyaku kan rufe shi da faɗa: barci ne ya sace yaron, barci, sau nawa za a gaya muku? Shi da kansa ya duba motar ana gobe tafiya. Mutane suka koyi yin shiru.

Kwana huɗu ya yi yana haɗa bayan. Saura abu ɗaya, fitar da iska daga birki, kuma wannan aikin mutum biyu ne ko kai waye: ɗaya a kujera yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan notin man. Najiba ta ce za ta zo bayan azahar ta taka masa.

Ya ji ƙofar direba ta buɗe, ta rufe. Motar ta ɗan nutsa. Ya yi tsaki: 'yar yarinyar da iska ke ɗauka ce ta sa sifirin ya zauna haka? To an sayar masa da gajiyayye.

"Kin makara," ya ce. "Taka. Riƙe."

Sai aka ƙwanƙwasa jikin ƙofa sau biyu da zobe. Isiyaku ya yi ɗan murmushi. Haka ubanta yake yi, ba ya cewa na riƙe, sai dai ya buga. Gado ba ƙarya ba ne.

Ya kwance notin, mai ya tsarto da kumfa, ya ɗaure. "Saki." Aka saki. Sau shida suka yi, birkin tayar hagu ya fito tas. Ya matsa dama.

"Taka. Riƙe."

Ƙwas, ƙwas.

Ya kwance, ya ɗaure. "Saki."

Ba a saki ba.

Ya maimaita, ya ɗaga murya, ya tambaye ta ko kunnen nata ta riga ta tura Zariya. Maimakon a saki sai aka ƙara dannawa. Ya ji ƙarfen yana kuka a saman kansa, irin takun da mutum ke yi in ya ga mutuwa a gangare. Busasshiyar jar laka da ta daskare a jikin birkin ta tsage, ta zubo masa a fuska.

Da ya goge ido ya ga abin da lakar ta rufe. Inda ya kamata a ga fil ɗin da ke riƙe takalmin birki, ƙusa ce. Ƙusar kafinta, tsatsa ta cinye ta saura kamar tsinken tsintsiya. Da ta kai Ibadan ma an yi sa'a.

Ya fara tsine wa ɗan iskan bakaniken da ya yi wannan aika-aika, sai ya ƙara duba ta da kyau. Wutsiyar ƙusar an lanƙwasa ta sau biyu, an mayar da bakinta ciki kamar ƙugiya. Mutum ɗaya ya sani a duniya mai lanƙwasa ƙusa haka: shi kansa. Ya tuna yammacin: fil ya faɗa kwata, shaguna sun rufe, Ridwanu na sauri. Ya ce a ransa ai zuwa da dawowa ne kawai.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya zare ƙusar, ya sa fil na gaske, ya dafa bakin ramin ya fito. Yau zai gaya wa yarinyar gaskiya. In ta ga dama ta tsine masa.

Yana miƙewa ya hango Najiba can tana tsallako layin dogo, kular abinci a hannu, tana ɗaga masa ɗayan hannun alamar ya yi haƙuri ta makara.

Ya juya ya leƙa ta tagar direba. Ba kowa a kujera, amma birkin na nan danne har ƙasa.

"Na cire ta, Ridwanu," ya ce. "Saki."

A hankali birkin ya ɗago.