Kibiyar da Aka Juya

Kwana biyar ke nan da Mai Usur da yaransa bakwai suka kafa tanti a sansanin 'yan sikawut, kuma duk kwanakin nan rukuninsu na Shaho ne a gaba. Shekararsa goma sha huɗu, shi ne shugaban rukunin. Tun da aka rataya masa usur a wuya kunnen kowa bai huta ba. Ko cokali ne ya ɓace sai ya busa.

Mako ne mai daɗi, ba ƙarya. Ranar farko tantin ya rufta musu sau biyu, suka fito da rarrafe suna ƙyalƙyala dariya. Ranar koyon ƙulli wani yaro ya ɗaure kansa a jikin turke, sai da Malam mai kula da sansanin ya zo ya kwance shi. Sun hau dutse, sun tsallake rafi a kan igiya, sun hura wuta da ashana ɗaya tak. Duk rukunin da ya fi maki ranar tashi, shi zai tafi gida da tutar sansani.

Tutar nan ita ta hana Mai Usur sakat, don ya riga ya cika wa babansa baki cewa a falonsu za a kafa ta. Ga shi kuma rukunin Kunkuru, da ake ta tsokana saboda sunansu, sun lallaɓo har sun kusa kamo su.

Akwai wani tsoho mai dafa wa sansanin abinci, Baba Kuku. Jininsa ya haɗu da na Mai Usur, kullum sai ya ƙara masa ludayi guda.

"Ci ka ƙoshi, jikana," in ji shi. "Damun jama'a da usur ma ai aiki ne."

Rana ta shida aka yi gasar bin alama. Malam ya riga kowa shiga daji ya jera alamu har bakin tafki, inda za a ci abincin rana. Itace uku a siffar kibiya na nufin bi nan. Biyu a gicciye na nufin kada ka bi.

"Alama ba ta rukuni ɗaya ba ce," Malam ya ja musu kunne. "Ka karanta, ka bar ta yadda ka same ta."

'Yan Shaho aka fara saki. Da suka isa wata mararraba, Mai Usur ya tsaya baya kamar yana ɗaure takalmi. Ya juya kibiyar ta kalli hagu, ya sa ƙafa ya watsar da gicciyen da ke tare hanyar.

"Shugaba, me kake yi haka?" mataimakinsa ya tambaya.

"Kunkuru za su ɗan sha iska ne kawai. Kai dai ja bakinka."

Sun isa tafki na farko, suna tsalle suna waƙa. Ko gumi bai bushe musu ba sai ga 'yan Kunkuru sun ɓullo lafiya lau. Ashe sun lura da sawun takalma ya yi dama, suka bi sawun. Kibiyar kuwa suka bar ta yadda suka same ta, kamar yadda aka koya musu. Shugabansu ya ce, "Malam, kamar an taɓa alamar mararraba."

Malam ya miƙe zumbur. "Baba Kuku yana baya."

Mai Usur ya waiga hanyar da suka biyo. Sam ya manta cewa tsohon ma alamun nan yake bi, yana turo tukunyar shinkafa a baro. Hanyar hagu kuwa gangara ce da ruwa ya zaizaye.

A ƙasan kwazazzabo suka same shi. Baron ya rinjaye shi ya ja shi ƙasa. Shinkafa ta watse ko'ina, shi kuma yana zaune rungume da hannunsa na dama, wanda ya karye.

"Ku yi haƙuri, yara," ya ce yana cije leɓe. "Yau tururuwa ce ta ci gasa." Sannan ya dubi Malam. "Kibiya na bi. Shekara tara ina bin ta, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Usur ya cire usur daga wuyansa, ya miƙa wa Malam. "Ni na juya ta."

Aka goge makin Shaho kaf, har da wanda yara bakwai suka samu da guminsu. Kunkuru suka tafi da tuta. Likita ya ce sai Baba Kuku ya yi wata uku kafin ya sake ɗaga tukunya, shi da ba shi da wata sana'a sai ita.

Washegari baban Mai Usur ya zo ɗaukarsa yana murmushi. "To, ina tutar tamu?"

"Baba, don Allah ka fara kai ni asibiti."

Ya shiga ɗakin da aka kwantar da Baba Kuku, kansa a sunkuye, ya shirya jin kowace irin baƙar magana. Tsohon ya dube shi daga kan gado, hannu a naɗe.

"Jikana, ka ci abinci kuwa? Wa ya ƙara maka ludayi yau?"

Nan Mai Usur ya durƙusa ya fashe da kuka.

Jama'a, manya da yara, mu guji son cin nasara ta hanyar cuta. Abin da aka ajiye don amfanin kowa, kada ka taɓa shi don biyan buƙatarka, domin ba ka san wanda ke tafe a bayanka ya dogara da shi ba.