Tsamiyar da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Ina aji uku Baba ya kai ni Yelwa kallon hotunan garuruwan da ruwan tafkin Kainji ya cinye. An jera su a bangon wani gidan casar shinkafa da ya daina aiki, ɗakin na warin dusa har lokacin.

Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Garinsu yake nema, domin kabarin mahaifinsa na ƙarƙashin tafkin, kuma tun tashinsu daga garin bai sami inda zai ziyarta ba.

Kusa da ƙofa ya tsaya. Babu mutum a hoton, sai tsamiya da 'yan duwatsu a gindinta.

Da farko ya tuɓe takalminsa. Sannan ya ce, "Tuɓe naka."

Na ce, "Baba, ai takarda ce."

"Takarda ce gare ka. Wagga tsamiya, gabas da ita kakanka yake kwance. Yi mai sallama."

Na yi, murya ƙasa-ƙasa saboda idon mutane. Shi kuwa ya ɗaga hannu yana addu'a, har mai gadin wurin ya matso yana cewa amin.

Yanzu nakan ratsa tafkin a jirgi. In mun kai tsakiya sai in sa a rage inji, in yi sallamata da ƙarfi.