Zankon Baba a Misfala

Wataƙila na rikita wani abu, domin ina ƙarama sosai. Wata la'asar Babana, wanda magini ne, yana ɗora wa ɗakinmu na unguwar Misfala, a ƙasa mai tsarki, zanko irin na Kano, maƙwabta suna ta dariya. Na ce, "Baba, mene ne amfaninsa?"

Ya ce, "Ya binti, a gonar auduga a Sudan na gina wa wani Baturen Sikotland murhun jin ɗumi irin na ƙasarsu, cikin wannan zafi. Bai taɓa hura shi ba, kallonsa kawai yake yi."

Ya ci gaba da shafa laka. Bai sake ganin Kano ba.

Wanda ya san gidan, don Allah ya gyara mini inda na kuskure.