Takobin da Maƙeri Ya Musanya

Wani jarumi mai rakiyar ayari ya gaji takobi daga kakansa, wanda ya zo da shi daga ƙasashen gabas. Maƙeran can sukan haɗa ƙarfe mai tauri da mai taushi, su gasa, su ninke, su doka, su sake ninkewa har su zama jiki ɗaya. Shi ya sa zane ke kwance a jikin takobin kamar igiyar ruwa, kuma duk yadda aka wasa shi zanen na nan, don har cikin ƙarfen yake. Da ƙotarsa ta tsage, sai jarumin ya kai wa maƙerin garinsu gyara. Maƙeri na zare shi daga kube ya yi sororo, bakinsa a buɗe. Shekara da shekaru yana dukan ƙarfe, bai taɓa ganin irinsa ba. Nan take kwaɗayi ya shige shi. Ya samo ƙarfen garma, ya ƙera wani mai kama da shi, ya shafe shi da kakin zuma, ya zana layuka da tsinin basilla, ya zuba ruwan tsami ya ci wurin. Ya sa wa na jabun sabuwar ƙota ya miƙa, na gasken kuwa ya tura shi ƙarƙashin rumbu. Jarumi ya karɓa har da godiya.

Bayan kaka maƙeri ya bi ayari zai kai fartanya kasuwar nesa, ya ma manta da zancen. A tsakiyar daji 'yan fashi suka tare su. Wa zai tsaya a gabansa in ba jarumin nan ba? Ya ce, "Koma bayana, maƙeri. Muddin takobin kakana na hannuna, babu mai taɓa ka." Maƙeri ya koma bayansa, alhali shi kaɗai ya san abin da ke cikin kuben. Sara ɗaya aka yi, takobi ya lanƙwashe kamar ɗanyen kara. Jarumi ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa, ya juyo ya dubi maƙeri, a haka aka kai shi ƙasa. Sara na biyu ya sauka a hannun daman maƙeri, hannun da yake riƙe masabar dukan ƙarfe da shi. Ya koma gida da rai, amma bai sake ƙira ba, takobin gabas kuma yana can ƙarƙashin rumbu, babu hannun ɗaukarsa. Dama Hausawa sun ce, in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.