Ƙofar Baba Andrawus

Karo na uku ke nan Baba Andrawus yana sauke ƙofar nan daga bayan acaɓa a bakin rumfar Hussaini mai walda, a Kafanchan. Ƙofar baya ce ta wata tsohuwar jif, irin masu shiga daji, wadda ta girmi Hussaini nesa ba kusa ba. Tsohon ya yi shekara talatin yana tuƙa ta wa mishan, da ya yi ritaya suka bar masa ita.

Matsalar dai ita ce ta kullum. Hinjin sama, ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa, ya sake tsagewa, dab da inda aka yi ɗinkin watan jiya.

"Ɗana, ka taimaka," in ji tsohon. "Ruwa ya fara. In ƙofa bai rufe ba, yana shiga kan Mama Angelina. Ƙirjinsa ba lafiya."

Hussaini ya san zancen. Matar tsohon ta shekara tana tari, kuma a kujerar bayan motar take kwanciya. Duk sanda ya hango ta a ransa a hanyar Fadan Kaje zuwa asibiti, ramuka na jijjiga ta, ruwa na feso mata, sai tausayi ya kama shi.

Ya kwantar da ƙofar ya goge tsagar. Cikin ƙofar ya yi baƙi, tana warin hayaƙin itace, wani kuma ya kafa ƙusa a saman gilashin. Mutanen ƙauye ba abin da ba sa yi da mota, haka ya faɗa a ransa. Gindinta kuwa tsatsa ta cinye, amma ko ɗigon taɓon hanya babu.

Ya ja janareta, ya rage wuta, ya ɗora sandar walda a hankali. Ƙarfen ya huje. Ya yanko faci ya ɗora, gefen ya zube kamar busasshen ganye. Ya gwada ta ciki, ya gwada ta waje, har rana ta karkata, hadari ya haɗo ta wajen Kagoro. Babu sauran ƙarfen da wuta za ta kama.

Ya buga waya Zonkwa neman wani hinjin, ya buga kasuwar Panteka a Kaduna. Wani ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Wani dariya ya yi, ya ce wannan hinjin sai dai a gidan tarihi.

Shekara goma sha biyar Hussaini yana walda bai taɓa mayar da aiki ba, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya cire gilashin fuska ya tsuguna gaban tsohon.

"Baba, ka yi haƙuri, ƙofar nan ta gama. Gaskiya motar ma ta gama. Ka sayar wa 'yan gwangwan, ka riƙa sa Mama a motar haya. Ai ya fi mata sauƙi da wannan jijjigar."

Baba Andrawus ya daɗe yana kallon hadarin. Sannan ya tashi ya fara ɗaure ƙofar a bayan acaɓa. Yayyafi ya soma sauka.

"Wane jijjiga, ɗana? Mota ba taya, ba inji, yana kan dutse a bayan coci. Tun da aka ƙone mana gida, a ciki muke kwana."