Gyauron Dawa

Ina 'yar shekara bakwai a ƙauyenmu kusa da Malumfashi, a shekarun da ake zaman tsoron mahara. Baƙin doki ɗaya gare mu, shi ne Baba ya ce zai ɗauki kakata ranar da aka ce a gudu.

Linzami ya tsaga masa baki har ya kasa tauna busasshiyar harawa. Tausayinsa ya kama ni, na je gona na yanko masa gyauron dawa, ganyen nan mai laushi da ke sake tsirowa bayan girbi. Ban san yana kashe dabba ba.

Da la'asar sai ga shi kwance a gindin turke, jiki na rawa, baki na kumfa. Baffa, wan Baba, ya ce taurin kai ne, ya yi ta zabga masa bulala. Da bai tashi ba, sai ya gasa ƙarfe ya ɗora masa a ciki, wai magani. Har yau ina jin ƙaurin gashin nan. Na laɓe bayan rumbu ina goge koren da ya rina tafin hannuna.

Baba ya karɓe ƙarfen, ya durƙusa, ya zaro ganye ɗaya daga bakin dokin. Na runtse ido ina jiran duka.

Bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Ƙyale shi haka, Yaya. Da ciwon bakin nan, ba zai ci daga hannun kowa ba sai wanda ya yarda da shi."

Kafin magariba dokin ya mutu. Da dukana Baba ya yi, da tuni na manta.