Kumfar da Ta Ƙi Tsayawa

"Kumfar ta sake kwanciya!" Radovan ya daka tsawa, yana nuna kofin da wata baƙuwa ta kurɓa sau ɗaya tak.

Radovan ne sabon manajan da aka turo mana daga Prag, babban birninmu, mai zuba turare kamar amarya. Shi ya kore ni bayan shekara talatin ina wanke kofuna a gidan giyar ƙauyenmu, wai injin wanke kofuna ya fi tsohuwa tsabta. To a nan Bohemiya, giyar da ba kumfa ko kare ba ya shinshinarta. Tun da ya kore ni, sati uku 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton kofin giya tsirara ba kumfa suna watsawa duniya. Ya canja sabulu, ya zagi mai dafa giya, a banza. Masu gidan giyar suka ba shi wa'adi zuwa Juma'a.

Ranar Alhamis sai ga shi a ƙofata, hula a hannu.

"Iya Blažena, ki rufa min asiri ki dawo."

"Ni? Ina injin naka, ɗan birni? Ciwon baya ya kama shi?"

Na dai dawo. Ranar nan kumfa ta tsaya cak, kaurin yatsa uku. Yanzu gaya wa baƙi yake hannuna na da albarka. Sakarai!

Abin da na yi kawai, na daina tare baƙi a bakin motarsu ina raba musu burodi da kitsen agwagwa kyauta, kamar yadda nake yi tun ranar da ya kore ni. Leɓe mai maiƙo na taɓa kumfa, ta mutu. Ko jikata ta san wannan, amma shi da digirinsa har yau bai sani ba.